Bango da Igiyar Rediyo: Nazarin Yadda Siginar Kusa ke Ratsa Ginin Kankare a Yalwa ta Ƙasar Rano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilin da ya sa siginar na'urorin sadarwar kusa, irin su Wi-Fi da Bluetooth, take raunana ko ta ɓace idan aka killace na'urar a cikin ginin kankare. An ɗauki Yalwa da kewayenta a ƙasar Rano a matsayin farfajiyar nazari, domin yanki ne da ginin ƙasa da ginin siminti suke zaune kafaɗa da kafaɗa, ga kuma gine-ginen kankare na aikin noman rani. Maƙalar ta dogara ga ƙa'idojin kimiyyar igiyar rediyo da lissafin da kowa zai iya maimaitawa. An gano cewa abubuwa uku ne suke cin sigina a bango, wato kauri da danshi da ƙarfe, kuma ƙara wa na'ura ƙarfi ba ya magance su kamar yadda sauya wa eriya mazauni yake yi. Haka kuma an lura cewa kalmar "sabis" ta haɗiye ma'anoni da dama a bakin masu magana, kuma "gajeren zango" tana iya rikita mai fassara. A ƙarshe an gabatar da wasu keɓaɓɓun kalmomi da za su sauƙaƙa fahimtar juna tsakanin magini da mai haɗa na'ura.

Muhimman kalmomi: siginar kusa, kankare, ginin ƙasa, eriya, keɓaɓɓun kalmomi, Rano

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara amfani da wayar salula a Nijeriya a shekarar 2001, maganar "babu sabis" ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Mai magana yana faɗar haka idan kiransa bai shiga ba, yana kuma faɗar haka idan wayarsa ta kasa kama Wi-Fi na ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa, ko lasifikar Bluetooth ta riƙa yankewa. Waɗannan matsaloli ba asalinsu ɗaya ba. Ta farko tana tsakanin waya da turken kamfani mai nisan kilomitoci, sauran biyun kuwa tsakanin na'urori ne da tazararsu ba ta wuce 'yan mitoci ba, kuma galibi bango ne ya shiga tsakaninsu. Wanda bai bambance su ba yakan sauya layi ko ya sayi sabuwar na'ura, kuɗi su tafi, matsala tana nan.

Masana gine-ginen Hausa, irin su Hamman Tukur Saad a 1981 da Friedrich Schwerdtfeger a 1982 da J. C. Moughtin a 1985 da Z. R. Dmochowski a 1990, sun yi bayanin tsarin gidan Bahaushe da kayan gininsa da fasahar maginansa. Dukkan waɗannan ayyuka sun riga zuwan Wi-Fi, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko mai lamba IEEE 802.11 a 1997. Ke nan akwai wani sabon aiki da bango yake yi a yau wanda ya cancanci nazari, wato barin igiyar rediyo ta wuce ko hana ta.

2.0 Farfajiyar Nazari

Yalwa ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, wadda take maƙwabtaka da Kibiya a kudancin Jihar Kano. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana ganin gidajen tubali masu zaure a ƙauyukanta, a gefe guda kuma bulo da kwano suna ta maye gurbinsu. A wannan shiyya aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga can ruwa yake bi ta Ruwan Kanya ya shiga manyan magudanan aikin noman rani na Kogin Kano da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Magudanan da kwalbatoci da mazaunin ƙofofin ruwa duk na kankare ne.

Saboda haka ana iya kasa wuraren da matsalar take tasowa gida uku. Akwai ɗakunan bulo masu rufin kwano ko rufin kankare, kamar ajujuwa da asibitocin sha-ka-tafi da masallatai da shaguna. Akwai ƙananan ɗakunan da ake ginawa don kare kayan sola da na'urar famfon rijiyar burtsatse daga ɓarayi, waɗanda galibi ba su da taga, ƙofarsu kuma ta ƙarfe ce. Sannan akwai akwatunan kankare na cikin ƙasa, inda ake ajiye mitar ruwa ko makunnin bututu. Da yawa daga na'urorin sola na yanzu ana duba su ne da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi, don haka ɗakin da ya kare su daga ɓarawo shi ne kuma yake raba su da mai su.

3.0 Mita da Zango: Abin da Mai Sauraren Rediyo ya Riga ya Sani

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ma'aunin igiyar rediyo. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, masu sauraro suke jin ana sanar da "mita 49" ko "mita 31" ko "mita 25". Wannan mita tsawon igiya ɗaya ce, daga tozo zuwa tozo. Ana samun ta idan aka raba 300 da yawan kaɗawar igiyar a ma'aunin megahaz. Rediyon Kaduna da aka sani a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, tsawon igiyarsa ya kama mita 49 da 'yan kai.

Idan aka bi wannan lissafi, Bluetooth da Wi-Fi da ke aiki a megahaz 2400 tsawon igiyarsu santimita 12.5 ne. Wi-Fi na megahaz 5000 yana da santimita 6. Na'urorin megahaz 868 suna da kimanin santimita 35, na megahaz 433 kuma kimanin santimita 69. Muhimmancin waɗannan alƙaluma shi ne sun yi daidai da girman kayan gini: kaurin bulo mai inci 9 santimita 22.5 ne, mai inci 6 kuma santimita 15, tazarar rodi a rufin kankare takan kama santimita 15 zuwa 20. Igiyar da tsawonta ya yi kusa da girman abin da ta tarar, siffar abin tana tasiri ƙwarai a kanta.

Ana auna ƙaruwa ko raguwar sigina da desibel. Asarar desibel 3 tana nufin rabin ƙarfi ya tafi, desibel 10 saura kashi ɗaya cikin goma, desibel 20 ɗaya cikin ɗari, desibel 30 ɗaya cikin dubu. Amfanin wannan ma'auni shi ne ana tara asara kamar yadda ɗan kasuwa yake tara kashe-kashensa: ta nisa, da ta bango, da ta waya, a haɗa su wuri ɗaya.

4.0 Abin da Kankare ke Yi wa Sigina

4.1 Kauri

Idan igiya ta iso bango, wani kaso yana komowa baya kamar amsa-kuwwa, sauran ya shiga jikin bangon yana dusashewa sannu a hankali. A kankare abin da ke komowa a kowace fuska bai wuce kimanin kashi 15 cikin ɗari ba idan igiyar ta zo kai tsaye, yana kuma ƙaruwa idan ta zo a karkace. Babbar asarar a ciki take. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta fitar da shawara mai lamba P.2040 a 2013 wadda ta ƙunshi alƙaluman kayan gini, an kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Idan aka yi lissafi da waɗannan alƙaluma a kan kankare mai kaurin santimita 20 wanda babu rodi a cikinsa, asarar tana kama desibel 6 zuwa 8 a megahaz 1000, da 11 zuwa 15 a megahaz 2400, da 18 zuwa 25 a megahaz 5000. Gwaje-gwajen da William Stone ya gudanar a cibiyar NIST ta Amurka a 1997 sun nuna wannan alƙibla: gwargwadon kauri da yawan kaɗawa, gwargwadon asara. Bulo mai rami yana cin sigina ƙasa da zubin kankare mai kaurinsa, saboda wani ɓangarensa iska ce, sai dai idan an cika ramukan da kwaɓi kamar yadda ake yi a harsashin gini.

4.2 Danshi

Ruwa shi ne babban mai tsotse igiyar rediyo a cikin kayan gini. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da suke riƙe ruwa. Magina sun san yana kai ƙarfinsa ne bayan kwana 28, amma bushewar cikinsa takan ɗauki watanni, wanda ke binne a ƙasa kusa da magudanar ruwa kuwa ba ya rabuwa da laima. A ƙasar Rano wannan yana nufin bango ɗaya yana da hali biyu a shekara. Na'urar da aka kafa a watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, tana iya aiki lafiya, ta kasa a watan Agusta sa'ad da bango ya sha ruwa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan hadari, alhali ɗigon ruwan sama ba ya yi wa sigina mai wannan kaɗawa wata illa a tazarar mita 30. Jiƙaƙƙen bango ne yake yin ɓarnar.

4.3 Ƙarfe

Ƙarfe yana mayar da igiya baya kusan gaba ɗaya. Michael Faraday ya nuna a 1836 cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe yana kange abin da ke cikinsa daga tasirin lantarkin waje. Ragar ƙarfe ma tana yin haka muddin idanunta sun gaza rabin tsawon igiyar sosai. A megahaz 2400 rabin igiya santimita 6 ne da ɗoriya, don haka rodi mai tazarar santimita 20 yana barin mafi yawanta ta wuce. A megahaz 433 kuwa rabin igiya ya kusa santimita 35, sai ragar rodin ta zame mata shinge. A nan akwai abin lura: igiya mai tsawo ta fi ratsa jikin kankare, amma ta fi shan wahala a wurin rodi. Wannan ne ya sa megahaz 868 da makusantansa suke zama tsaka-tsaki mai amfani a irin waɗannan wurare.

Haka abin yake a taga. Sandunan ƙarfe masu tazara suna rage sigina, amma ragar sauro ta ƙarfe, wadda idanunta ba su wuce milimita 2 ba, tana toshe ta kusan kamar faifan kwano. Ragar sauro ta roba ba ta da wannan illa. Ɗakin da ke da rufin kwano da ƙofar ƙarfe da ragar ƙarfe a taga ya kusa zama ɗakin Faraday, ko da magininsa bai taɓa jin sunan ba.

5.0 Kwatanci da Ginin Ƙasa

Kuskure ne a ɗauka cewa bangon tubali ba ya cin sigina. Yana da kauri, musamman daga gindi, kuma da damina yana shan laima, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa tana tsotse igiya ƙwarai. Bambancin yana wurare biyu. Na farko, babu ƙarfe a cikinsa: azara ce take ɗaukar rufin soro, makuba ce take kare shi daga ruwa, ƙofar ɗaki kuma sau da yawa asabari ne ko labule. Na biyu, tsarin gidan kansa. Daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, ɗakuna suna fuskantar fili ɗaya buɗaɗɗe, don haka na'urar da aka rataye a tsakar gida tana shiga kowane ɗaki ta ƙofarsa. Gidan zamani mai falo da lungu, wanda rufi ɗaya ya haɗe shi, yana tilasta wa sigina ratsa bango biyu ko uku kafin ta kai ƙuryar ɗaki. Ke nan sauyin da ya auku ya shafi kayan gini da fasalin gida baki ɗaya.

6.0 Misalin Lissafi

A ƙaddara akwai na'urar famfon sola a cikin ɗakin kankare mai kaurin santimita 20, ana son karanta ta da waya daga tazarar mita 30. Ƙaramar na'urar Bluetooth takan fitar da miliwat 1, mai karɓa kuma yana iya jin siginar da ta ragu da kimanin desibel 90. Wannan shi ne jarin da ake da shi. A megahaz 2400, mita ta farko a fili tana cin desibel 40, kowane ninki na nisa kuma yana ƙara 6, don haka mita 30 tana cin kimanin 70. Saura 20. Busasshen bango ya ɗauki 11 zuwa 15, abin da ya rage bai wuce 5 zuwa 9 ba. Jikin mutumin da ke riƙe da wayar kaɗai yana iya cinye wannan idan ya juya baya, balle a ce bango ya jiƙe ko na'urar tana cikin akwatin ƙarfe.

Idan aka fito da eriya waje da waya mai tsawon mita 2, asarar bango ta fita daga lissafi, ta wayar kuma ta shiga. Siririyar waya samfurin RG-58 tana cin kimanin desibel 1 a kowace mita a wannan kaɗawa, wato desibel 2 a madadin 11 zuwa 15. Wanda ya zaɓi ƙara ƙarfi kuwa, ko ya ninka shi sau goma desibel 10 kawai ya samu, batir ya riƙa ƙarewa da wuri, kuma bai magance komai ba idan wayar da za ta ba da amsa ba ta ƙaru ba, domin sadarwar kai da komowa ce.

7.0 Hanyoyin Magance Matsalar

Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dabarun da suka fi inganci duk suna komawa ne ga samar wa sigina mashiga da gangan.

Ta farko ita ce fito da eriya waje, kamar yadda lissafin sama ya nuna. Wayar ta zama gajera, a rufe mahaɗarta daga ruwa, idan kuma eriyar ta yi sama a yi mata kariyar tsawa.

Ta biyu ita ce ratsa bango da wayar intanet, a kafa na'urar Wi-Fi a cikin ɗakin da ake buƙata. Irin wannan waya tana kai mita 100, kuma tun 2003 akwai ƙa'idar da ta ba da damar tura wutar na'urar ta cikinta. Ga makaranta ko asibiti wannan ya fi na'urar da ke karɓar sigina a iska ta sake watsawa, wadda takan rage saurin aiki da kusan rabi.

Ta uku ita ce sauya kaɗawa. A cikin gida, megahaz 2400 ya fi 5000 ratsa bango. Ga na'urar da ke aika ɗan taƙaitaccen bayani, kamar tsayin ruwa a magudana, fasahar LoRa, wadda aka ƙirƙira a Grenoble ta Faransa kuma kamfanin Semtech ya saye ta a 2012, tana jure asarar da ta haura desibel 140. Ba ta ɗaukar hoto ko murya. Wajibi ne kuma a bi ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, game da kaɗawar da aka yarda a yi amfani da ita.

Ta huɗu ita ce sauya murfi ko taga. Murfin roba mai ƙarfi a kan akwatin cikin ƙasa, ko ragar roba a madadin ta ƙarfe, yana buɗe hanya ba tare da an taɓa na'ura ba. Kada eriya ta manne da kankare ko ƙarfe, domin hakan yana karkatar da saitinta. A ba ta tazarar 'yan santimitoci.

Mafi arha duka ita ce wadda ake yi tun ana gini: a binne bututun roba a bango kafin zuba kankare. Ramin santimita 2 ba ya wuce da sigina, amma yana wuce da waya, kuma fasa kankare mai rodi daga baya yana cin kuɗi, yana raunana gini. Gwajin ƙarshe kuma a yi shi da damina, da ƙofa a rufe.

8.0 Batun Keɓaɓɓun Kalmomi

Binne bututu a kan lokaci yana buƙatar magini da mai haɗa na'ura su fahimci juna kafin a ɗora bulo, kuma da Hausa suke magana. Aikin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya fi karkata ga harshe da adabi, don haka wannan fanni yana buƙatar kulawa.

Babban tarko shi ne "gajeren zango". A bakin ma'aikatan rediyo tana nufin igiyar mita 49 da 'yan'uwanta, wadda take tsallaka ƙasashe. An kira ta gajera ne saboda tsawon igiyarta bai kai na matsakaicin zango ba. Idan mai fassara ya kira Bluetooth "sadarwar gajeren zango", mai sauraren rediyo zai iya fahimtar akasin abin da ake nufi. Wannan maƙala tana ba da shawarar "sadarwar kusa" da "siginar kusa", a bar "sabis" ga abin da ke zuwa daga turken kamfani. Haka kuma tana ba da shawarar "tsawon igiya" ga abin da ake aunawa da mita, "kaɗawa" ga abin da ake aunawa da megahaz, "dusashewa" ga raguwar sigina a cikin bango, "komowa" ga abin da bango ya mayar, da "kasafin sigina" ga lissafin da aka yi a sashe na 6.0. Kalmomin eriya da rodi da kankare da bulo sun riga sun zauna a harshe, babu dalilin sauya su.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa raunin siginar kusa a gine-ginen Yalwa da makamantanta yana da alaƙa da kaurin bango da danshinsa da ƙarfen da ke cikinsa, kuma ana iya ƙiyasta shi da lissafi mai sauƙi kafin a sayi na'ura. Ta nuna cewa fito da eriya ko ratsa bango da waya ya fi ƙara ƙarfi amfani, kuma lokacin da ya fi dacewa a yi tanadin haka shi ne lokacin gini. Akwai buƙatar a gudanar da awo a kan bangon tubali da na bulo a ƙasar Rano, da rani da damina, a kuma tattara kalmomin da magina da masu gyaran waya suke amfani da su a bakin aiki, domin a gwada kalmomin da aka gabatar a nan da abin da ke bakin jama'a.